Wasiƙa ga 'yata a hunturunta na farko a Winnipeg

Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya karatu, ya baƙunta? Mu nan kowa lafiya, babanki da ƙannenki suna gaishe ki.

Hoton da kika turo ranar Juma'a ne ya zaunar da ni rubutun nan. Na ga rana ta ƙwalle a bayanki, sama garau, ke kuma daga ɗankwali sai siririn mayafi, hannu ba safa. Gabana ya faɗi. Hunturu huɗu na yi a garin nan lokacin da babanki yake karatu a Jami'ar Manitoba, kuma abin da na fara koya shi ne ranar da ta fi haske ita ta fi sanyi. Gajimare kamar bargo yake, yana riƙe ɗumin ƙasa. In sama ta washe, ɗumin ya tafi. Kada idonki ya yanke miki hukunci ta taga.

Kullum kafin ki buɗe ƙofa ki duba wayarki. Lamba biyu za ki gani: ma'aunin sanyin kansa, da yadda jiki zai ji shi in iska ta haɗu da shi. Ta biyun ita za ki yi wa shiri. Garin shimfiɗe yake fetal, babu tudu babu dutsen da zai tare iska. A watan Janairu digiri 20 ƙasa da sifili da dare ba labari ba ne, wani makon ya kai 30, kuma a tarihin garin an taɓa ganin 47.8 a Disambar 1879. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa in lambar iskar ta kai 40 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti biyar zuwa goma.

Wannan ni na gani a jikina. Wata safiya na tsaya jiran bas da 'yan kunnen zinare, gefen ɗankwali ya zame ban sani ba. Da farko kunnen ya yi zugi kamar an soka allura, can sai na daina jin komai, na ɗauka sanyin ne ya lafa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta hango fatar ta yi fari fat. Ta ja ni cikin gida, na kai hannu zan murza ta riƙe hannun, ta kawo tsumma da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, ta yi ta dannawa a hankali. Da jinin ya dawo, zafin da na ji har yau ban manta shi ba. Don haka in zugi ya ɗauke kwatsam, ki shiga gini mafi kusa. Kada ki murza, kada ki kara da hita. Ki ajiye 'yan kunne da zobba sai bazara, ƙarfe jan sanyi yake.

Batun sutura, hawa-hawa ake sawa. Kada auduga ta zama ita ce a jikin fatarki, tana shan gumi ta riƙe, kina fita ya huce a jikinki. Ki sa mai ulu a ciki, rigar sanyi a kai, sannan babbar riga mai tare iska. Safar hannu mai haɗe yatsu wuri ɗaya ta fi mai rabawa ɗumi. Takalmi ki sayi wanda ya ɗan fi ƙafarki, matsattse hana jini gudu yake. In kuɗin sabo ya yi yawa ki je gwanjo, babu kunya a ciki, can na sayi tawa rigar kuma ita ta kai ni har muka dawo. Tafiya a kan ƙanƙara kuwa, gajeren taku, hannuwa a waje da aljihu.

Cikin ɗaki akwai ɗumi, amma iskar a bushe take fiye da ta hunturun Zariya. Leɓe zai tsage, diddige ta yi faso, wani lokaci har haɓo. In kin taɓa marfin ƙofa kika ji ɗan jan lantarki, kada ki tsorata, bushewar ce. Ki lizimci man kaɗanya da shan ruwa ko ba kya jin ƙishi. Sai abu ɗaya da nake so ki riƙe da hannu biyu: kada ki kunna gawayi a ɗaki, ko don turaren wuta ko don jin ɗumi. Gidajen can a toshe suke ruf, ba kamar namu masu shan iska ta ko'ina ba, gawayi kuma yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya kwanta bai tashi ba. Ki nemi kaskon turare na lantarki. Na'urar da ke jikin silin mai ƙara in ta ji hayaƙi, kada ki cire mata batir don ta dame ki.

Sallah ma sai kin sa ido. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, wajen 4:30 ta faɗi. Azahar, La'asar da Magariba duk cikin awa huɗu suke zuwa, kina cikin aji ɗaya, salloli biyu za su iya wuce ki. In kin yi alwala ki goge jiki sosai kafin ki fita.

Amma Ummi, abin da ya fi damuna ba fatarki ba ce. Bayan abin da ya sami kunnena tsoro ya kama ni, na kulle kaina a ɗaki kusan wata guda. Babanki ya fita da duhu ya dawo da duhu, ni ina zaune ina kuka ban san dalili ba. Tsohuwar nan ce dai ta riƙa ƙwanƙwasa ƙofa da rana tsaka tana cewa in saka kaya mu zaga unguwa. A wannan zagayen na fara ganin garin. Na ji yadda dusar ƙanƙara take ƙara ƙiiƙ-ƙiiƙ a ƙarƙashin takalmi in sanyi ya tsananta. Na ga motoci da igiyar lantarki tana leƙowa ta gabansu, an jona a bango don injin kada ya daskare. Na ga zomaye da suka rikiɗe suka zama farare, da ɗan tsuntsu mai baƙin kai da ba ya ƙaura, yana kuka a reshen da ba ganye ko ɗaya. Wata safiya na ga rana da haske biyu, dama da hagu, kamar ta fito da 'yan rakiya. Ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara a iska ne suke karya hasken. Na tsaya ina tasbihi har numfashina ya yi fari a gashin idona.

Hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da suka haɗa gine-ginen jami'arku ki bi su ranar iska, amma kada yini ya wuce rana ba ta ga fuskarki ba, ko na minti goma ne. Ki je The Forks, inda kogin Red da Assiniboine suka haɗu. In sun daskare ana share hanya a kansu mutane su yi ta yawo, sai dai kada ki taka sai inda aka buɗe. A Fabrairu akwai bikin Festival du Voyageur a unguwar Saint-Boniface, ki samu abokiya ku je. Juma'a kuwa ki daure ki kai kanki babban masallacin titin Waverley, ki gaisa da mata, ki karɓi gayyata in an gayyace ki. Ki tambayi likita batun bitamin D. In kuma kika ji ƙuncin ya ƙi tafiya, ki faɗa mini, ki faɗa wa likitan, kada ki haɗiye.

Na haɗa miki man kaɗanya da kuka da daddawa da yaji. Ban sa kilishi ba don ba sa barin nama ya shiga ƙasar. Ki sake turo mini hoto a wurin nan da kika tsaya, in ga kunnuwan a rufe.

Allah ya tsare, ya yi miki albarka.

Mamanki