Cibiyar ƙirƙira a jami'a: gini ba ya dillanci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan sam mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan abin da ya zama yayi a jami'o'i, wato buɗe cibiyoyin ƙirƙira. Duk jami'ar da ta amsa sunanta a yau, ko dai ta buɗe tata ko tana haramar buɗewa. Ana cewa a nan ne binciken malamai zai zama haja, ɗalibi ya koyi kafa sana'ar kansa, jama'ar da ke kewaye su sami maganin abin da ke damunsu. Ni ma'aikacin ɗakin ƙere-ƙere ne a tsangayar injiniya. Aikina kula da injuna da nuna wa ɗalibai yadda ake sarrafa su ba tare da an bar yatsa a ciki ba, kuma a kan wannan aiki furfura ta same ni. Ina tare da masu son a kafa waɗannan cibiyoyi. Inda muka raba gari shi ne zaton da ake yi cewa da an tsayar da gini, an jera kwamfutoci da kujeru masu launi, an yanke ƙyalle, shi ke nan an gama.

Aikin irin wannan cibiya, in aka tuɓe mata rigar ado, dillanci ne. Ga malami can a ɗakin gwaji da abin da ya gano, bai san wa ke buƙatarsa ba. Ga likita ko manomi ko mai masana'anta da matsalar da ta hana shi barci, bai san akwai wanda ya ɓata shekaru yana nazarinta ba. Ga mai kuɗi yana neman inda zai zuba. Ba sa jin yaren juna, kuma kowa na kallon ɗan'uwansa a kaikaice. Sai an sami mutum a tsakani da zai yi ta safa da marwa, wanda ya san darajar hajar, ya san mai saye, ya kuma tsaya har a ce an sallama.

Jami'ar Stanford ta Amurka ce misalin da kowa ke kawowa, sai dai yawanci filin masana'antun da ta buɗe a 1951 ake ambata, a manta da mutanen. Frederick Terman, malamin da daga baya ya shugabanci tsangayar injiniya, shi ya zuga ɗalibansa biyu, Hewlett da Packard, suka kafa kamfaninsu a 1939, shekara 12 kafin a yanki filin. Wanda ya fi burge ni ma ba farfesa ba ne. Sunansa Niels Reimers, shi ya kafa ofishin ba da lasisin fasaha na jami'ar a 1970. A 1974 labarin jarida ya sanar da shi cewa Stanley Cohen na jami'ar tasu, tare da Herbert Boyer na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, sun gano yadda ake yanko ƙwayar gado daga wata halitta a dasa ta cikin wata. (Ka ga ranar jarida, Malam Edita.) Cohen bai so a yi wa abin rajistar mallaka ba da farko, sai da Reimers ya yi ta lallashi. Da aka sami takardar a 1980, bai damƙa ta ga kamfani ɗaya ba. Ya sa kuɗin lasisi mai sauƙi, duk mai so ya karɓa. Kamfanoni sama da 400 suka karɓa, kuma kafin wa'adin takardar ya ƙare a 1997 jami'o'in biyu sun sami fiye da dala miliyan 250. Insulin ɗin da ake haɗawa a masana'anta domin masu ciwon suga na cikin abin da ya biyo ta wannan hanya. Da ba don mutum guda da ya san aikinsa ba, da binciken ya tsaya a shafin mujallar masana, ko kuma kamfani ɗaya ya rufe shi a aljihu.

Dillali ba ya sayar da abin da ba a san mai shi ba. Wannan shi ne ramin da na ga ƙafafu da yawa sun faɗa. Ita kanta Amurka ta sha fama da shi. Kafin 1980, duk abin da aka gano da kuɗin gwamnatin tarayya yawanci na gwamnati ne, har ta tara takardun mallakar ƙirƙira kimanin 28,000, waɗanda ba su kai kashi 5 cikin 100 da aka ba wani lasisin amfani da su ba. Dokar Bayh-Dole ta waccan shekara ce ta ce jami'a ta riƙe mallaka, amma dole ta nemi mai amfani da abin, dole kuma ta raba abin da ta samu da wanda ya ƙirƙiro. Akwai masu sukar dokar har gobe, kuma suna da hujja, to amma aƙalla ta amsa tambayar da ke hana ruwa gudu: na wane ne?

Na ga abin da rashin amsar nan ke jawowa da idona. Wata ɗaliba ta ƙera keken guragu da ake naɗewa, a matsayin aikinta na kammala digiri, ni na taimaka mata da walda da lanƙwasa bututun. Abin ya yi kyau, har wani mai ƙaramar masana'anta ya zo ya gani ya ce zai iya ƙera shi da yawa. Sai aka tsaya. Malamin da ya duba aikin ya ce tunaninsa ne. Sashe ya ce da kayansa da wutarsa aka yi. Yarinya ta ce guminta ne. Babu wata takarda da ta fayyace, babu kuma wanda aikinsa ne ya zaunar da su. Mai masana'anta ya gaji da zarya ya kama gabansa, ita kuma ta karɓi sakamakonta ta tafi. Keken yana nan a ɗakin ajiya tare da ɗaruruwan 'yan'uwansa. A lokacin akwai cibiyar ƙirƙira a jami'ar, da na'urar sanyaya ɗaki da komai, amma makullinta na hannun darakta, darakta kuma yana wajen taro.

Ina so kuma shugabannin jami'o'i su cire wani buri daga ransu. Cibiyar ƙirƙira ba rijiyar kuɗi ba ce. Wani rahoto da cibiyar Brookings ta fitar a 2013 ya nuna cewa a 2012, kashi 84 cikin 100 na jami'o'in Amurka da ke da ofishin lasisin fasaha ba su sami abin da zai biya albashin ma'aikatan ofishin da kuɗin lauyoyi ba. A ƙasar da aka fi kowa gwanancewa ke nan. 'Yan ƙalilan ne ke dacewa da babban kamu. Duk shugaban da ya buɗe cibiya yana jiran ta ciyar da jami'a cikin shekara biyu, zai rufe ta a ta uku. Ribar tana wani wajen: ɗalibin da ya fita ya san yadda ake lissafin kuɗin ƙera abu, malamin da ya koma aji da tambayar da ya samo daga masana'anta, ƙaramin kamfanin da ya ɗauki mutum biyar aiki.

Maganar al'umma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Yawanci abin da ake kira hidimar al'umma shi ne a shirya gasa, matasa su hau dandamali su yi bayani na minti uku, a miƙa wa wanda ya fi iya baki ƙaton cek na kwali, a ɗauki hoto. Daga nan ba ka sake jin ɗuriyar kowa. Kuma sau da yawa maganin ne ake fara ƙerawa a ɗaki mai sanyi, sannan a fita neman mai ciwon.

A duba abin da ya faru a Jami'ar Wisconsin ta Amurka. A farkon 1933 wani manomi ya ɗauko gawar saniyarsa, da gwangwanin jinin da ya ƙi daskarewa, da dami na ruɓaɓɓiyar harawar da shanunsa ke ci, ya yi doguwar tafiya cikin tsananin sanyi yana neman likitan dabbobi na gwamnati. Ranar Asabar ce, ofis a rufe. Ƙofar da ya tarar a buɗe ita ce ta ɗakin gwajin Karl Paul Link, masanin sinadarai a tsangayar aikin gona. Link ba shi da maganin da zai ba shi a ranar, amma matsalar ta shiga ɗakin gwaji ba ta fita ba. Bayan shekaru shi da ɗalibansa suka tace sinadarin da ke hana jini daskarewa. Daga gare shi aka haɗa warfarin, aka fara sayar da shi a matsayin maganin ɓera a 1948, aka amince a ba mutane a 1954, har aka ba Shugaban Amurka Eisenhower bayan ciwon zuciyar da ya same shi a 1955. Har yau ana ba masu fama da gudajin jini. Gidauniyar da ta riƙe mallakarsa kuwa tun 1925 aka kafa ta domin ta kula da abin da malaman jami'ar suka gano, ta mai da kuɗin cikin bincike. Ni abin da nake tambaya shi ne, a cikin cibiyoyin da ake buɗewa yanzu, wace ce mai gadi zai bar mutum mai jini a riga da gawar saniya ya wuce ƙofarta?

Haka abin yake a Malawi. Ɗalibai da malaman Jami'ar Rice ta Amurka sun yi aiki da likitoci da nas-nas na asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre, inda bakwaini ke mutuwa saboda wahalar numfashi, injin da ake amfani da shi a ƙasashe masu arziki kuma ya fi ƙarfin asibitin. Suka haɗa na'urar taimakon numfashi da famfon iska irin na akwatin kiwon kifi, aka sa mata suna Pumani. A gwajin da aka yi a asibitin, jariran da suka rayu sun kai kashi 71 cikin 100, alhali waɗanda aka ba iskar oksijin kawai kashi 44 ne suka rayu. Ma'aikatan ɗakin jarirai ne suka faɗi abin da ake buƙata, su suka nuna inda samfurin farko ya gaza. Sannan aka sami kamfanin da zai ƙera ta da yawa, aka horar da masu gyara. Wannan ɓangare na ƙarshe ba a ɗaukar hotonsa, amma in babu shi na'ura takan mutu ranar da robarta ta farko ta tsage.

Dillali nagari kuma yana duba wa ya sayar wa, da kuma bisa wane sharaɗi. Jami'ar Yale ta Amurka ce ta riƙe mallakar maganin ƙanjamau da ake kira stavudine, ta ba kamfanin Bristol-Myers Squibb lasisi shi kaɗai. A 2001 sai da ƙungiyar likitoci ta MSF da ɗaliban jami'ar, har da William Prusoff da ya gano amfanin maganin, suka matsa lamba kafin kamfanin ya karya farashi ya kuma daina tsare mallakar a Afirka ta Kudu. Da tun ranar sa hannu an rubuta sharaɗin marasa ƙarfi a yarjejeniyar, da ba a kai ga haka ba.

Akwai dabarar da na so a kwaikwaya daga Indiya. A filin bincike na babbar makarantar fasaha ta IIT Madras, wanda Farfesa Ashok Jhunjhunwala ya jagoranci kafawa, kuɗin haya kaɗai ba ya zaunar da kamfani. Sai ya tara maki ta hanyar hulɗa da makarantar: ya ɗauki ɗalibai horo, ya ba malamai aikin bincike, injiniyoyinsa su shiga aji. Can ne tsofaffin ɗalibai biyu suka fara kamfanin Ather mai ƙera babura masu lantarki a 2013. A Yuganda ma motar lantarki ta Kiira aikin malamai da ɗaliban Jami'ar Makerere ce a 2011, kafin ta zama kamfanin da ke ƙera motocin safa a Jinja, kuma sai da gwamnati ta jure shekaru tana zuba kuɗi.

Kada kuma a ga laifin malamin da ya ƙi leƙa cibiyar. Muddin ƙarin girma ya dogara ne kacokan kan yawan maƙalun da ya wallafa, to wanda ya kwashe shekara yana gyara na'ura tare da ma'aikatan asibiti shi ne zai ga ƙannensa sun wuce shi. Ba wawa ba ne, zai bi inda ake ba da lada. Sai majalisar jami'a ta yarda ta ƙirga abin da aka ƙera aka kuma yi amfani da shi, kamar yadda take ƙirga takarda.

Mu kuma masu riƙe da sifana, ba a cika tuna mu ba sai ranar da baƙi za su zo. Ana iya sayen firintar 3D mai tsada, wato injin da ke gina abu da narkakkiyar roba, a manta da kasafin robar da take ci, a manta da wanda zai warware ta in ta cushe. Na ga injin da ya tsufa a cikin ledarsa saboda babu wanda aka tura ya koyi kunna shi. Albashin ƙwararren ma'aikaci ɗaya, da lauya mai sanin haƙƙin mallakar fasaha, da ɗan kuɗin sayen ƙarfe da waya da ɗalibi zai karɓa cikin mako guda ba sai takarda ta zaga ofis bakwai ba, duk ba su kai kuɗin gilasan gaban ginin ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne in an gayyaci wakilinka bikin buɗe irin wannan cibiya, ya je, amma ya koma bayan shekara ɗaya ba tare da gayyata ba. Ya nemi a nuna masa takardar da ta ce ga rabon ɗalibi, ga na malami, ga na jami'a. Ya tambayi sunan ma'aikacin da aikinsa ne fita waje neman masu matsala da masu saye. Ya duba littafin baƙi ya ga mutum nawa ne daga wajen jami'a suka shigo, da abin da ya kawo su, sannan ya bi sawun waɗanda suka ci gasar bara ya ji inda suka kwana.

Na gode.

Naka,
Wani ma'aikacin ɗakin ƙere-ƙere na jami'a