Wasiƙa zuwa Maraɗi kan koyon tiyata

Assalamu alaikum aminina,

Ina fata kana lafiya, da su Inna da maiɗaki. Saƙonka ya same ni ina kwanan asibiti, shi ya sa amsa ta yi jinkiri. Ka ce in ba ka shawara: ka koma Yamai ka ƙware a tiyata, ko ka tsallako Najeriya, ko ka nufi Gana.

Tamu ta Najeriya ce na fi sani. Ƙofa biyu gare mu: kwalejin ƙasa ta horar da ƙwararrun likitoci da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, da kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, WACS, wadda ta samo asali a Ibadan a 1960. Ko wacce ka bi, jarrabawa hawa uku ce, ta ƙarshen har da kundin bincike. A takarda kamar shekara 6 ne, amma da yajin aiki da faɗuwa jarrabawa sai ka ga mutum ya fara furfura bai gama ba. Ana biyanmu albashi dai, in ya zo.

Gana sun buɗe tasu kwalejin a 2003, bayan shekara 3 ka zama ƙwararre, in kana son matakin ƙarshe ka ƙara. Asibitocin koyarwa na Korle Bu a Akara da Komfo Anokye a Kumasi ba a raina su.

Amma ni, wallahi, Yamai zan ce maka. DES ɗinku, wato karatun ƙwarewa, na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai shekara 5 ne, kuma da Faransanci ka yi duk karatunka. Ka tuna dariyar da muka sha ranar da ka tsaya neman sunan saifa da Turanci? To ka ƙaddara kana gaban masu jarrabawa uku, ga marar lafiya kwance.

Sannan hannu. A shekarata ta farko ƙugiyar buɗe ciki kawai nake riƙewa, mu huɗu a bayan babban likita kowa na miƙa wuya. Kai kuwa horon shekara ɗaya na tiyatar gunduma ya sa ka riga ka yi wa mata aikin haihuwa, ka gyara ƙaba, ka ɗinke hanjin yaran da taifot ya huda. Duk inda za ka, ka fara tambayar ƙananan likitocin wurin aiki nawa suka yi da hannunsu bara.

Ka aiko mini da kilishi in ka samu mai zuwa.

Naka har kullum,
Amininka na Zariya