Wasiƙa daga Orlando kan katin shekara na Disney

Orlando, Agusta 2022

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Shirun ya yi yawa, amma dama Bazazzagi ba ya tuna Bakano sai buƙata ta taso. Saƙonka ya iso, kuma abin da na karanta ne ya hana ni jinkirta amsa: wai za ka sayi tikitin kwana bakwai na shiga filayen shaƙatawa na Disney World, idan kun iso ka cika kuɗi a bakin ƙofa a mayar maka da shi katin shekara, wato na shiga tsawon shekara guda, tunda za ku sake dawowa da hutun bazara. Don Allah dakata, kada ka biya ko sisi da wannan niyyar.

A da dabarar tana aiki. Yanzu an rufe ƙofar. A Satumba 2021 suka dawo da sayar da katin shekara bayan korona, iri huɗu: Pixie Dust dala 399, Pirate 699, Sorcerer 899, sai Incredi-Pass 1,299, duk ban da haraji. A Nuwamba na shekarar suka tsayar da sayar da manyan ukun, Pixie Dust kaɗai ya rage. Inda mutane ke ruɗewa shi ne, suna zaton mayar da tikiti kati daban yake da sayen sabo. A wurin Disney abu ɗaya ne: sabon kati aka sayar maka, kuɗin tikitinka kawai aka cire daga farashin. Tunda ba a sayar da sabo, ma'aikacin da ke kan kwamfuta ba shi da abin da zai danna, ko da ka yini kana roƙonsa. Waɗanda suke da kati tun da farko su ne kawai ake sabunta wa, daga kwana 60 kafin ya ƙare zuwa kwana 30 bayan ya ƙare.

Kai kuma da kake zaune a Texas, Incredi-Pass ne kaɗai ya halatta gare ka ko da an buɗe. Pixie Dust da Pirate na mazauna Florida ne, Sorcerer kuma nasu ne da na 'yan Disney Vacation Club, wato masu hannun jari a masaukan hutu na Disney. Na san halinka, yanzu za ka ce a ba ka aron adireshin gidana. A'a. Kafin katin ya fara aiki sai babba ya nuna lasisin tuƙi ko katin shaida na jihar Florida, ko takarda irin ta kuɗin wuta mai sunansa tare da katin shaida mai hoto. Ga ƙarya, ga asarar kuɗi, ga kunya a gaban yara. Ko ma ba haka ba, Pixie Dust ba ya shiga ranakun Asabar da Lahadi da manyan hutu, wato daidai lokacin da 'yan makaranta ke da sarari.

Af, an ce angon namu ya koma gida ya buɗe shagon kayan gini, har ya fara tumbi. Kai da kake waya da shi kullum ba ka faɗa min ba. Kuma Hajiya tana tambaya ko har yanzu autarku tana gudun kyanwa, don idan haka ne ban san yadda za ta yi da Mickey ba.

To, mu koma kan kuɗinka. Sayi tikitin daidai kwanakin da za ku shiga a wannan zuwan, kada ka ƙara ko kwana ɗaya da sunan za a cire maka daga baya. Ka lura da wa'adi: na kwana huɗu dole a gama shi cikin kwana bakwai daga ranar da ka zaɓa, na kwana bakwai cikin kwana goma. Da ka biya, ka shiga manhajar My Disney Experience ka kama gurbin kowace rana ga kowane mutum, domin tikiti ba tare da gurbi ba ba ya shigar da kowa, kuma Magic Kingdom, ɗaya daga cikin filayen, shi ne ke fara cika. Ajiye mota dala 25 ne a rana, ka sa shi a lissafi. Yaron da bai kai shekara uku ba kyauta yake shiga.

Idan Allah ya sa aka buɗe sayarwa kuna nan, to ka je Guest Relations, ofishin kula da baƙi, a ƙofar kowane filin, ko wurin tikiti na Disney Springs, unguwar shagunansu, da katin shaidarka. Sharaɗi mafi muhimmanci: a yi canjin kafin ranar ƙarshe ta tikitin ta wuce. Ka shiga kwananka na ƙarshe, ka fita, ka dawo washegari, tikitin ya mutu, ba a cire maka komai. Shekarar katin kuma tana fara ƙirgawa daga ranar farko da ka yi amfani da tikitin, ba ranar da ka cika kuɗi ba, don haka ka duba ko hutun da kake hari zai faɗa ciki. Tikiti ɗaya ake mayarwa kati ɗaya, ba a haɗa biyu. Idan wajen dillali ka saya, ka sa ma'aikacin ya faɗa maka nawa kwamfuta ta nuna darajar tikitin kafin ka miƙa katin banki, kada ka dogara da rasit ɗinka kawai.

In dai katin shekara kake so lallai a bana, Universal, wani wurin shaƙatawar a nan Orlando, suna sayar da nasu, kuma suna karɓar tikiti a cika kuɗi. Manyan yaranka ma ina ganin can za su fi so.

Ku zo da rigunan ruwa, don kusan kullum da la'asar sai an yi ruwa da tsawa a wannan watan. Kuma kada ka kuskura ka kama otal, ɗaki na nan a share. Ka turo min ranar saukarku da lambar jirgin, sannan kilishin da ka yi alkawari tun bara yana nan a wuyanka.

Ka gaida uwargida da yara, Hajiya ma tana gaishe su.

Naka,
Bakanonka na Orlando