Har malamai ma a ba su bindiga?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni tela ne a Marwa. Ƙanwata tana aure a jihar Texas ta Amurka, kuma tun 2022 hankalinta ba ya kwanciya sai yaranta sun dawo daga makaranta. A ranar 24 ga Mayun shekarar ne wani saurayi ɗan shekara 18 ya harbe yara 19 da malamai 2 a wata makarantar firamare da ke garin Uvalde, a can Texas. A shago ya sayi bindigar, doka ta yarda masa. Giya kuwa sai ya kai 21 za a sayar masa!

Mu ma mun san tsoro, Boko Haram ta sa an rufe makarantun kan iyakarmu. Amma namu daga daji yake fitowa. Can kuwa, ta ce har koya wa yara ake yi su kashe fitila, su ɓuya, su yi tsit.

Mijinta ya dage cewa riƙe bindiga haƙƙi ne a tsarin mulkinsu tun 1791, wai malamai ma a ba su. Na ce masa, Alhaji, a Uvalde 'yan sanda ɗauke da makamai sun fi awa guda a waje kafin su shiga ajin.

Naku,
Mai karatu daga Marwa, Kamaru