Awon da aka rubuta aka yi shiru

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana da 'yan uwana masu jinyar tsofaffi a nan Sakkwato, na asibiti da waɗanda iyalai ke ɗauka su kula da dattijo a gida.

Awo dai muna yi. A duba hawan jini, zafin jiki da bugun zuciya, a rubuta. Abin da ke damuna shi ne takardar ta kwana a gefen gado, likita bai ji labari ba sai ya fito zagayen safe. Jikin tsoho kuwa ɓoye ciwo yake yi. Cuta na iya kama huhunsa ko mafitsararsa zazzaɓi bai tashi ba, sai dai a ga Baba ya rikice, ya ƙi abinci, bai gane jikansa ba. Nan take a ce ai tsufa ne, a ja masa mayafi.

Numfashi ne aka fi wa sakaci, alhali shi yakan riga sauran nuna matsala. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. In ya haura 24, a kira likita. Haka in bugun zuciya ya wuce 100 yana kwance, ko lambar sama ta awon jini ta faɗi ƙasa da 90. Wannan na ƙarshe mun san shi a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40, ruwan jikin tsoho ya ƙafe, ga shi yana shan maganin hawan jini.

Kuma in an kira, "Likita, jikin Hajiya ya matsa" bai wadatar ba. A faɗi shekarunta da ciwonta, awon yanzu da na jiya, magungunan da take sha, sannan a faɗi abin da ake so ƙarara: a zo a duba ta yanzu. Umarnin da ya bayar a maimaita masa, a rubuta da lokacin.

Likitoci ma da nasu. Na ga ƙananan nas da dama suna riƙe da waya cikin dare, suna jin tsoron a daka masu tsawa. Wadda aka yi wa tsawa yau, gobe ba za ta kira ba.

Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta sa a manna waɗannan lambobi a bangon kowane ɗakin jinya, tare da lambar wayar likitan da ke aikin dare.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar jinya,
Mabera, Sakkwato