Kun yabi Anas amma kun manta da Ahmed

Malam Edita, assalamu alaikum, barka da aiki.

Na saurari shirinku na makon jiya a kan Anas Aremeyaw Anas, ɗan jaridar nan na Gana mai rufe fuska da zaren duwatsu. A teburin mai shayinmu na Tudun Wada muka ji shi, rediyon na rataye jikin ƙusa kusa da buhun burodi, kuma wallahi shirin ya yi daɗi. Sai dai akwai abin da ya tsaya min a rai.

Kun kawo yadda ya fara a jaridar Crusading Guide, da yadda Obama ya ambaci sunansa a majalisar Gana a 2009, da lambobin yabon da ya kwasa. Duk gaskiya ne. Mutumin da ya yarda aka kwantar da shi a asibitin masu taɓin hankali na Akara a matsayin mara lafiya don kawai ya ga me ake yi wa bayin Allah a ciki, ai ya wuce a ce masa sannu kawai. A 2015 kuma ya naɗo alƙalai sama da 30 suna karɓar na goro, har da akuya aka kai wa wani, ranar da muka ga bidiyon a waya dariya muka yi ta yi har shayi ya huce, kowa na cewa ina ma a samu irinsa a Najeriya.

To an samu ɗin ai. A 2018, shekarar da fim ɗinsa Number 12 ya yi awon gaba da kujerar Kwesi Nyantakyi shugaban hukumar ƙwallon Gana, aka fito da bidiyon da kyamarar yaransa ta kama kocin Super Eagles Salisu Yusuf yana karɓar kuɗi, shi ya ce kyauta ce aka ba shi, hukumar ƙwallon Najeriya NFF ta dakatar da shi shekara ɗaya. Ranka ya daɗe, mutanen da suka yi wa alƙalan Gana dariya su ne fa suka koma cewa tarko ne, makirci ne, an tsani ɗan Arewa. Ni ma ban ce hanyar Anas ba ta da abin dubawa ba, kai kuɗi gaban mutum da hannunka sannan ka ɗauke shi hoto magana ce da ya kamata ku tattauna a shirin, ba ku yi ba. Amma me ya sa ba mu ga tarkon ba sai da ya kama namu?

Babban abin da ya sa na rubuto shi ne Ahmed Hussein-Suale. Yana cikin waɗanda suka yi aikin Number 12 a kamfanin Anas mai suna Tiger Eye, wani ɗan majalisa ya nuna hotonsa a talabijin, ranar 16 ga Janairun 2019 wasu a kan babur suka harbe shi cikin motarsa a unguwar Madina da ke Akara. Allah Ya jiƙansa. Minti talatin kuka yi kuna magana ko sunansa bai fito ba, haba Malam.

Ƙanina yana karanta aikin jarida a Samaru, tun ranar bakinsa bai huta ba, wai shi ne Anas na Zazzau, har ya fara tambayar kuɗin ƙaramar kyamara a Sabon Gari. Ban hana shi ba, amma na zaunar da shi na ba shi labarin Ahmed, na kuma tuna masa tarar naira miliyan 5 da hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin NBC ta ci Trust TV a 2022 saboda shirinsu kan 'yan bindiga. Yara irinsa da yawa suna jin ku. Don Allah ku yi kashi na biyu, ku gayyato lauya da tsohon ɗan jarida su faɗa musu wa ke tsaya wa mai ɗaukar hoto idan abu ya ɓaci, wa kuma ke riƙe iyalinsa.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku mai sauraro,
daga Tudun Wada, Zariya