Wasiƙa daga Sakkwato: ruwan rini ya washe

Assalamu alaikum Babarbare,

Ya gida, ya jikin Hajiya? Shirunka ya yi yawa, amma zan yafe maka tunda bawa ba ya rubuto wa ubangidansa sai da izini. Albishirinka: ruwan ya washe!

Na'urar nan ta tsabtace ruwa da filasma, wato iskar da tartsatsin lantarki ya kunna, wadda ka rantse zan ƙone unguwa da ita nake nufi. Tun bara shuɗin rinin da nake gwaji da shi ya ƙi fita daga ƙasan kwano, kowa sai ya ce in ƙara ƙarfin lantarki. Ni kuwa ban taɓa zargin wutar ba. Tartsatsin a saman ruwa yake tsayawa, ya farfasa tururi ya haifar da ƙwayoyin haidiroksil, su ne masu cinye rini da maganin ƙwari. To ransu bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ba, ko kaurin silin gashi ba sa nutsawa. In ba su tarar da abin ci a nan ba, sai su haɗe biyu-biyu su koma haidirojin feroksaid, wanda bai kai su kaifi ba. Kamar tukubar mai tsire ne, gefen da ke kallon wuta kaɗai ke gasuwa, sai an juya.

In ka bar rini ya taso da kansa a ruwa mai kwance, milimita 1 zai ci wajen minti 10, santimita 1 kuma ya ninka haka sau 100. Sai na rage zurfin, na sa famfo yana malalo ruwan siriri a kan faranti ƙarƙashin tartsatsin. Wutar nan dai ce, ban ƙara komai ba. Wallahi da na ga ya yi garau, sai da na fita na kira maigadi ya shaida.

Af, Dogon ajinmu ya ƙara aure, a Wamakko aka ɗaura. Ya tambaye ka, na ce tsoron zafin Afrilu ya hana ka, kai da ke cika bakin Maiduguri ta fi mu rana.

A Jami'ar Clarkson ta Amurka wata dabara suka bi ta kai dauɗa saman ruwa, kan sinadaran PFAS masu gurɓata ruwa da wuyar rushewa: suna busa iskar agon daga ƙasa, sinadaran su manne wa kumfa, ta kai su bakin filasma. Abin ya yi musu ne don jelar waɗannan sinadaran gudun ruwa take yi. Abin da ke hana ni barci shi ne masu narkewa sarai su ƙi tasowa, da kuma ruwan gaske na marina da majema, mai toka da gishiri. Sinadarin kabonet na toka da ke cikinsa zai lashe haidiroksil tun kafin ya taɓa rini. Kuma fitar launi ba fitar guba ba ce, dole in auna ɓurɓushin da ya rage, domin mutanenmu na ban ruwan albasa da kogin Rima.

Akwai abin da na so tambayarka tun farko, ya shige. In ka ga ƙaramin famfon da ke aiki da sola a kasuwarku, saya mini, ɗauke wuta na katse mini gwaji a tsakiya. Ka gaida amarya da yara.

Naka,
Bafulatanin Sakkwato